Gangara Ba Ta Shan Mai

Motar ta matata ce. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin a unguwarmu an daɗe ana zaton tawa ce, ni kuma ban taɓa ganin dalilin gyara kuskuren da bai cutar da kowa ba. Ita ta saya, sunanta ne a takardu, amma makullin a aljihuna yake kwana. Da safe in kai yara makaranta, in sauke ta a asibitin da take aiki a ɗakin gwajin jini, sannan in wuce kwalejin da nake koyar da tarihi, in ajiye motar daidai inda ɗalibai za su ga fitowata.

Ni mutum ne mai wuyar yarda. Ba na sayen maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, ba na tura saƙon da aka ce in tura wa jama'a don in ga alheri. Saboda haka ranar da na ci karo da wata mujalla a ɗakin jiran likitan haƙori, na ga an yi bayanin yadda direba zai rage shan mai, sai na karanta da niyyar kama marubucin da ƙarya. Ban kama shi ba. Ya ce nauyi na shan mai. Ya ce duk birkin da ka taka, man da ka riga ka ƙona ne ka zubar a ƙasa. Ya ce esi, na'urar sanyaya mota, na sha, gilashi a buɗe ma na sha. Na juya shafi na ga an rubuta da manyan baƙaƙe: "Abubuwan da kada ka kuskura ka yi." Daidai nan aka kira ni. Na fito ba haƙori ɗaya, da rabin ilimi, wanda a lokacin na ga ya ishi mai hankali.

Wanda ya fara jin labari shi ne mai askin bakin layinmu, domin shagonsa ne, ba shi da inda zai gudu.

"Direbobin garin nan ba tuƙi suke ba," na ce masa. "Wanka suke yi wa titi da fetur."

"To, Farfesa," ya ce. Haka yake kirana, kuma na san ba girmamawa ce zalla ba. "Kai da me kake tuƙin? Da ruwan sanyi?"

"Da ƙwaƙwalwa. Ka ba ni ɗan lokaci, sai 'yan gidan mai sun manta kamannina."

"Sunkuyar da ƙwaƙwalwar in gyara maka ƙeya."

Ranar hutu na buɗe but ɗin motar na fara aiki. Na fitar da safaya, wato tayar ko-ta-kwana, na fitar da jak, na fitar da tabarmin ƙafa, da lemar uwargida, da matashin da take jingina bayanta, da takalmin ƙwallon da muka daɗe muna nema a ɗaki. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana kallona.

"Malam, ɗaiɗai za ka sayar da ita?"

"Nauyi nake rage mata."

"In taya ta fashe fa?"

"Taya ba ta fashewa a hannun mai natsuwa."

Ta juya ta koma kicin. Ya kamata in ji tsoron wannan juyawar, amma na ɗauke ta alamar hujja ta ratsa ta. Safayar kuwa mai aski ya karɓa ajiya, ya ɗora mata katako, ta zama kujerar masu jiran layi.

Daga nan na gano wani abu da ko marubucin bai kai gare shi ba: shi kansa man ai nauyi ne. Wanda ya cika tanki yana ƙona mai ne don ya yi dakon mai. Sai na koma sayen kaɗan-kaɗan, gwargwadon tafiyar yini. Allurar mai ta tare a kan ja, fitilar gargaɗi ta zama 'yar gida, har ranar da ta mutu na ɗan lokaci sai da na ji kewarta.

Na kashe esi, na ɗaga gilasai duka. Yara suka fara isa makaranta kamar an tsamo su daga rijiya. Ƙaramar ta tambaye ni ko numfashi ma yana shan mai, na ce ana kan bincike.

Amma babban aikin shi ne birki. Na yanke hukunci cewa birki ɓarna ne, kuma mai ilimi ba ya taka shi sai ta kama dole. In na hango danja ta ba da ja, tun daga nesa nake ɗage ƙafa, in bar motar tana rarrafe, ina jiran kore ya same ni a hanya. Na baya su yi ta oda, ni kuwa ina yi musu uzuri, don ba su karanta abin da na karanta ba. Wata safiya wani dattijo a kan keke ya wuce ni, ya waiwayo, ya rage tafiya har na kamo shi, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Bawan Allah, gawa ka ɗauko?"

"A'a, Baba."

"To, Allah ya ba marar lafiyar sauƙi," ya ce, ya taka kekensa ya ɓace.

Matsalar kawai ita ce mutane sun saba a tsaya kafin su sauka. Da muka doshi ƙofar asibiti na yi wa uwargida bayani cikin lumana.

"Ki rataya jakarki, zan rage gudu."

"Ka tsaya mana."

"Tsayawa da tashi su ne ke cinye man. Ki buɗe ƙofa, ki fara sa ƙafar dama, ki ɗan bi motar da sassarfa."

Ta dube ni irin duban da take yi wa jinin da ba ta gamsu da launinsa ba. Ba ta sauka ba. Muka wuce ƙofar, muka je shataletale, muka juyo. Na sake rage gudu, ta sake ƙin sauka. A zagaye na gaba masu gadi suka fara ɗaga mana hannu, ɗayansu har da sara mana. Daga ƙarshe ta ce, "Tsaya," da wata murya da ban taɓa ji ba, ƙafata ta taka birki ba tare da ta shawarce ni ba.

Ta makara ranar. Da yamma, bayan yara sun fita wasa, ta zaunar da ni.

"Motar nan ta wace ce?"

"A takarda, taki ce."

"To, ranar da ka sake sa ni makara, makullin zai koma wurin takardar. Kuma ba zai dawo ba."

Ta iya tuƙi, tana da lasin, kuma ba ta faɗin magana don ado. Na hango kaina a kujerar gefe da jakarta a cinyata, mai aski yana kallo. Wani da ya ji wannan sai ya koma taka birki kamar kowa. Ni sai na ga abin da ake bukata shi ne ƙarin ilimi.

Ga yadda unguwarmu take. Akwai tudu, a kansa akwai tankin ruwa. Daga nan titi ya gangaro, ya wuce makarantar yara, ya wuce bakin layinmu da shagon mai aski. Can ƙasa akwai kwana ta hannun dama, wadda in ka sha ta, hanya za ta yi ta sulalewa a hankali har ƙofar asibiti. In ba ka sha kwanar ba ka miƙe, sai ka faɗa wani kwari inda ake jiran bas, daga nan titin ya sake hawa wani tudun, wanda gidan mai ke kansa.

Na tsaya a gindin tankin na dubi wannan shimfiɗa, na ga ni'imar da aka bar ta tana lalacewa. Gangara ba ta shan mai. Daga ranar na koma kwanar da motar a kan tudu, in sa mata dutse a gaban taya, don birkin hannu ya daɗe da yin ritaya. Da safe sai mu hau da ƙafa, in cire giya in sa ta a firi, in murɗa makulli rabi ba tare da na tayar da inji ba, a janye dutse, mu sulalo.

Tsarin yana da 'yan ƙananan illoli. Makarantar yara tana tsakanin gidanmu da motar, saboda haka mukan sauke su kafin mu shiga. Sannan uwargida ta yi wata tambaya marar amfani.

"Da yamma da me kake hawa da ita tudun?"

"Wannan wani lissafi ne daban."

"Lissafin wa?"

Duk da haka ba ta makara, don tun da sassafe nake fitar da mu, saboda haka makulli na nan a aljihuna. Da na bar abin a haka, da yanzu ina nan ina sulalawa. Mai aski ne ya ɓata komai.

"Farfesa, ana ta magana," ya ce, yana goge reza. "Wai da ka sha kwana, inda ba a ganinka, sai ka kunna ta."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Gobe ka rufe shago ka zo ka shiga. Ka gaya wa mutanen su fito su gani. Daga tankin ruwa har ƙofar asibiti, in inji ya yi ko tari, ka daina ce mini Farfesa."

Aka yi dace surukata ta zo, tana da ganin likitan ido a goben, a asibitin da 'yarta ke aiki. Mama mace ce da Allah ya yi wa albarkar jiki. A da, da na ji zuwanta sai in tuna da tankin mota. Amma a wannan daren na gane cewa nauyin da ke cutarwa a hawa, a gangara alheri ne. Ban taɓa murnar zuwan surukata kamar wannan karon ba.

Hawan tudun ya ɗan ɗauke mu lokaci. Mama ta huta a bakin makaranta, ta huta a gindin wata bishiya, ta riƙe kafaɗar 'yarta tana haki.

"Ɗan nan, a wani gari kuka ajiye motar?"

"Mun kusa, Mama. Ai yau ke ce ƙarfin tafiyarmu."

Uwargida ta dube ni, ta dubi agogonta.

A kan tudu muka tarar da jama'a: mai wanki, mai kanti, tela da almakashi a hannu, da wasu da ban san su ba amma suka san ni. Mai aski ya shiga baya kusa da Mama a matsayin shaida. Na zauna a mazaunina, na ga idanu sun yi yawa, sai na ji ya kamata a yi abin da zai rufe bakin kowa har abada. Maimakon in murɗa makulli rabi kamar kullum, sai na zare shi gaba ɗaya, na ɗaga shi sama kowa ya gani, na miƙa wa uwargida.

"Riƙe. Ko na roƙe ki, kada ki ba ni sai a ƙofar asibiti."

"Ka tabbata?"

"Jama'a shaida ne."

Ta karɓa da hannu biyu kamar wadda aka mayar wa ɗan da ya ɓace, ta sa a jaka, ta ja zif.

Mai wanki ya janye dutse. Mota ta motsa.

Zan faɗi gaskiya, farkon tafiyar ya yi kyau. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai kukan taya a kan kwalta. Muka wuce makaranta, muka wuce shagon mai aski, inda safayata ke zaune ita kaɗai tana jiran masu aski. Nauyin Mama yana aiki yadda na tsara. Har na fara tsara yadda zan karɓi yabo ba tare da na nuna na damu da shi ba.

Na koyar da faɗuwar dauloli da dama, kuma kullum ina gaya wa ɗalibai cewa alamun sukan bayyana tun da wuri ga mai lura. Tawa alamar 'yar ƙara ce. Muka iso kwana, na juya sitiyari, ya ce ƙas, ya tsaya. Ashe in an zare makulli, sitiyari kullewa yake, don maganin ɓarayi. Ina kyautata zaton wannan na cikin shafin da ban karanta ba.

"Farfesa," in ji mai aski, "kwanar ta wuce."

"Na gani. Wata hanya zan bi."

"Wace hanya? Nan ai sai kwari."

Na taka birki, abin da na rantse ba zan yi ba. Takun farko ya ɗan amsa. Na biyu ya yi kamar bai ji ba. Na uku kuwa kamar na taka dutsen da muka baro a kan tudu. Shi ma ashe da inji yake samun ƙarfinsa.

"Uwargida," na ce a hankali, don kada na baya su ji, "ba ni makullin."

"Ka ce ko ka roƙe ni."

"Ba roƙo nake ba, shawara ce."

"Jama'a shaida ne," ta ce, ta gyara riƙon jakarta.

Muka faɗa kwarin, muka wuce masu jiran bas, muka kama hawan ɗaya tudun. Allah ya taimaka titin a miƙe yake kuma ba kowa a gabanmu. Mota ta yi ta hawa, gudunta na raguwa, har muka kusa bakin gidan mai. Ma'aikacin da ke riƙe da bututu ya miƙe yana yafito mu. Mota ta tsaya. Ta yi ɗan tunani. Sai ta fara komawa da baya.

"Inna lillahi," in ji mai aski, wanda yanzu shi ne a gaba. "Farfesa, ni ban iya tuƙi ba!"

Muka sake ratsa kwarin da baya, muka ɗan hau tudunmu, muka tsaya, muka sake gangarowa. Masu jiran bas suka bi mu da kai, dama, hagu, dama. Wani ya matso bakin titi don ya gani da kyau.

"Koyon tuƙi ake?"

"A'a, lilo ne na manya!"

"Direba, in ka dawo ka taho mini da jarida!"

Mama ta manna fuska a gilashi.

"'Yar nan, gara da na zo ganin likitan. Idon ya ƙara lalacewa. Mai lemon nan mai jar hula, tun ɗazu shi kaɗai nake ta gani."

"Ba idonki ba ne, Mama," in ji uwargida. "Ilimi ne."

Kowane zuwa ya fi na baya gajarta, har motar ta gaji ta tsaya cak a tsakiyar kwarin, daidai gaban bencin masu jira, wurin da ya fi ko'ina ƙasa a duk unguwar. Gaba tudu, baya tudu. Wata mata da kwando ta leƙo ta tambaya ko akwai wurin mutum ɗaya.

Uwargida ta buɗe jaka. Ba ta ba ni makullin ba. Ita ta miƙa hannu ta zura shi da kanta, ta murɗa. Inji ya yi tari, ya sake tari, ya yi shiru irin na wanda ya gama magana.

"Yaushe rabonka da sa mai?"

Na fara neman amsar da ta dace da matsayina, mai aski ya riga ni.

"Ai mai nauyi ne, Hajiya."

Ta dubi agogo. Ta juyo da shi ta nuna mini, ba don in ga lokaci ba, don in ga hukunci.

"Fita ka tura."

"Wa zai riƙe sitiyari?"

"Mai motar."

Na fita. Ta zagayo ta zauna a mazaunina. Na ji ƙarar kujera ta ja ta gaba, na ga ta gyara madubi daidai tsawonta. A duk abin da ya faru ranar, wannan ƙarar ce ta fi shiga jikina.

Mai aski ya dafa but da yatsu biyu, sai ya tuna yana da ciwon baya, kuma ya bar shago a rufe. Mama tana ciki, don ba a ce wa suruka ta sauka. A nan na samu damar nazarin nauyinta ta ɗaya fuskar. Na sa kafaɗa, na tura, takalmin zuwa aiki yana zamewa, rigata ta manne a baya. Wata bas ta zo wucewa a hankali, cike da ɗalibaina. Yara masu tarbiyya. Suka leƙo ta taga suka haɗa baki: "Ina kwana, Malam!"

Da taimakon mai lemo da wasu bayin Allah biyu muka kai gidan mai. Ma'aikacin ya dube ni ya washe baki.

"Yallaɓai! Ai tun daga nesa na gane ka. Kai ne mai sayen na cokali. Yau ma ɗigawa za a yi?"

"Cika shi," in ji uwargida daga ciki.

Ban taɓa sanin tankin yana da zurfi haka ba. Ta tayar da inji, na ji esi ya kama, na ga gyalen Mama yana kaɗawa. Na zagaya ƙofar gefe na ja. A kulle. Gilashi ya sauka kaɗan, sanyi ya bugi fuskata.

"Malam, na yi tunani a kan iliminka, kuma na yarda," ta ce. "Nauyi na shan mai. Ka cire safaya, ka cire jak, ka cire lemata. Abin da ya fi su nauyi duka ne ka manta, kullum yana zaune a gaba."

"Kwalejin fa?"

"Ba nisa. Kuma daga nan gangara ce."

Mama ta matso, ta ƙanƙance ido tana dubana ta gilashi, ni kuwa gumi ya rufe mini fuska.

"Wannan bawan Allahn da ya turo mu, ki ba shi wani abu mana. Ya fi mijinki amfani, shi ko fitowa bai yi ba."

Uwargida ta miƙo mini gorar ruwa. Gilashi ya hau. Ta ba da sigina, ta taka totur, ta tafi, kuma a bakin titi ta taka birki sosai, ina jin don ni.

Safaya ta koma but a ranar, masu jiran aski suka koma tsayuwa. Mota tana kwana a ƙofar gida. Ni kuwa da ƙafa nake zuwa kwaleji, kuma in na biyo ta gaban shagon, mai aski yakan leƙo.

"Farfesa, yaya binciken?"

"Ya kammala," nakan ce masa. "Tun ranar ban ƙona ko ɗigo ba. In akwai wani direba a garin nan da zai iya faɗin haka, ka turo mini shi."